Wane harsashi za ka zaɓa? Tambayar da ta shigo ajina

Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli tun da na fito daga makarantar horon malamai a Yamai, kuma darasin da na fi jin daɗin koyarwa a ajin tarminal shi ne na tafiyar abin da aka jefa. Ka jefa dutse, ya hau, ya lanƙwaso, ya faɗo, mu kuma mu lissafta inda zai sauka. Kowane aiki da ke cikin littafinmu na fizik yana farawa da jimla guda ta faransanci wadda ma'anarta ita ce: a yi kamar babu iska. Na rubuta wannan jimla a allo sau ba adadi, ban taɓa tsayawa na tuhume ta ba, sai bara da sanyi, lokacin da wani yaro ya tilasta mini.

A bencin baya yake zama, kusa da taga. Ba zan faɗi sunansa ba, domin shi da iyayensa ba su ba ni izini ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, gidansu sun taso daga wani ƙauye na kudancin jihar Maraɗi, dab da iyakar Najeriya, bayan da ƴan bindiga suka shiga garin da dare, suka kore shanu, suka tafi da mutane, har da yayansa. Wanda ke zaune a Madarunfa ko Gidan Rumji ba ya buƙatar in yi masa bayanin irin wannan dare. Yaron ba ya magana a aji, ba ya rigima, makinsa kuma ba yabo ba fallasa.

Ran nan ina tsakiyar zana lanƙwasar dutse a allo na hango kansa a sunkuye, hasken waya yana haska masa haɓa. Na karɓe wayar na jefa a aljihu kamar yadda na saba. Da aka tashi ya biyo ni har gindin bedi inda nake ajiye babur. Na ce ya nuna mini abin da ya fi darasina muhimmanci. Bidiyo ne na wani Ba'amurke mai gemu, yana zaune gaban tebur, ya jera harsasai uku, ƙarami da matsakaici da babba, yana ta zuba turanci. Yaron ya ce mutumin yana so wani maƙeri ya ƙera masa bindiga ta musamman don gasar harbin nesa, yana shawarar wane harsashi zai zaɓa, kuma a ƙarshe ƙaramin ya ɗauka.

Sai ya ce: "Mushe, ku kun ce nauyin abu ba ya shiga lissafi, dutse babba da ƙarami wuri ɗaya za su faɗi. Shi kuma ya ce siririn harsashin ya fi babban ƙin jin iska. Wane ne ke da gaskiya?"

Abu biyu suka same ni a lokaci guda. Na farko gabana ya faɗi, saboda na san daga inda yaron ya fito, na kuma san abin da kan sa matashi irinsa ya kwana yana kallon bindiga. Na biyu kunya, saboda ban san amsar ba. Ita ce tambaya ta farko da ya yi mini tun farkon shekara, kuma tambaya ce ta fizik tsantsa. Na miƙa masa wayarsa na ce ya ba ni mako guda.

Ni ban taɓa harba bindiga ba. Amma kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma na tashi ina ganin bindigar tokarsa a jingine a kusurwar ɗaki. Yakan auna albarushi a tafin hannu, ya zuba, ya danna tsumma, ya bi da guntayen dalma. Ba ya harbi daga nesa. Duk gwanintarsa a sanɗa take, ya bi ta inda iska ba za ta kai warinsa ga dabba ba, har ya matso kusa. Yana da aboki mai yatsu uku a hannun hagu, wanda ya taɓa cika albarushi fiye da kima don harbinsa ya yi ƙarfi, bututun ya tsage a hannunsa. Da wannan ɗan sanin na shiga bincike, na yi dare bakwai ina karatu da lissafi bayan na gama gyaran takardu. Ga abin da na samo, ko zai amfani wani malamin da irin wannan tambaya za ta faɗo masa.

Harbin nesa wasa ne mai dogon tarihi a Amurka da Ingila da Kanada. A 1874 aka yi wata shahararriyar gasa a filin Creedmoor, kusa da birnin New York, tsakanin Amurkawa da ƴan Ailan, a nisan yadi 800 da 900 da 1000. Amurkawa suka ci da maki 934, baƙin suna da 931. Har yau yadi 1000, wato mita 914, shi ne ma'aunin da masu wannan wasa suke gwada kansu da shi. Takarda suke harbi ko farantin ƙarfe. A gasar da ake kira F-Class, da'irar maki goma a yadi 1000 faɗinta inci 10 ne, wajen santimita 25, kamar faifan rufe ƙwarya. Ka tsaya a wannan gefen gari ka sami faifai a wancan gefen.

Wanda ya shiga wasan sosai ba ya sayen bindiga a kanti, sai ya je wurin maƙeri a haɗa masa ita gaɓa-gaɓa. Kuɗinta da na madubin saiti dalar Amurka dubbai ne (ba dalarmu ta sefa biyar ba), albashina na shekara ba zai saye ta ba. Abin da ya sa zaɓen harsashi yake zuwa farko shi ne, maƙerin zai rarake gindin bututun daidai da siffar harsashi guda ɗaya tak. Da zarar an yi wannan, bindigar ba ta karɓar wani iri. In ka canza ra'ayi, sai dai a sake aikin bututun ko ka sayi sabo, wani lokacin ma har da wasu sassan. Kalmar kalibar da suke ta faɗa tana nufin faɗin ramin bututu, amma a bakinsu ta haɗa da harsashin baki ɗaya: dalmar da ke fita, da ƙwanson da ke riƙe da albarushi.

Ukun da ke kan teburin mutumin sanannu ne. Matsakaicin shi ne .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, ɗan'uwan harsashin sojan NATO na 7,62. Wanda ake harbin nesa da shi nauyinsa wajen giram 11,3 ne, yana fita da gudun mita 790 a daƙiƙa. Ƙaramin shi ne 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007 don masu gasa, sunansa kuma yana tuna wancan tsohon fili. Nauyinsa wajen giram 9, gudunsa mita 825 a daƙiƙa. Babban shi ne .338 Lapua Magnum, na wani kamfanin ƙasar Finlan, daga shekarun 1980: giram 16,2, gudun mita 900 a daƙiƙa. Waɗannan alƙaluma suna ɗan hawa da sauka gwargwadon tsawon bututu da irin albarushi, amma sun isa a yi lissafin aji da su.

In ƙarfi ake nema, babban ya gama magana. Rabin nauyi sau gudu sau gudu, lissafin da kowane ɗan aji na biyu a lise ya sani, yana ba da kusan jul 3100 ga ƙaramin, 3500 ga matsakaicin, 6600 ga babban. To me ya sa mutumin bai ɗauki babban ba, kuma me ya sa ya fifita ƙaramin a kan matsakaicin da ya fi shi ƙarfi?

Amsar tana cikin abin da littafinmu ya ce a yi kamar babu. Iska tana tare harsashi ne gwargwadon faɗin fuskarsa, shi kuma yana ratsa ta gwargwadon nauyinsa da siffarsa. Harsashin 6.5 faɗinsa milimita 6,7 ne, na .308 kuwa milimita 7,8. In ka lissafta fuskar kowanne, za ka ga giram 9 suna bayan fuska mai murabba'in milimita 35, giram 11,3 kuma suna bayan mai 48. Ka raba, sai ka tarar siririn ya fi nauyi a kan kowane ɗigon fuskarsa, ga shi dogo mai tsini. Bambancin kibiya da tsakuwa ke nan. Saboda haka gudunsa ba ya saurin mutuwa: yana kai yadi 1000 cikin kimanin daƙiƙa 1,5, na .308 kuma sai wajen 1,7. Wannan ɗan bambanci ba wasa ba ne, tunda duk tsawon lokacin ƙasa tana jan su. In an daidaita saiti a yadi 100, na farkon zai faɗo wajen mita 8 kafin ya kai, na biyun wajen mita 10. Ga kuma wata matsala: a wajen wannan nisa gudun .308 yana kusantar gudun sauti, mita 340 a daƙiƙa, inda harsashi kan fara rasa natsuwarsa.

Faɗowa ba ta cika damun gwanaye ba, don ba ta canzawa sosai, ana murɗa saiti a gyara. Iskar gefe ce ke kayar da su, domin ba ta zama iri ɗaya. A nan na ci karo da sunan da ya faranta mini rai, Isidore Didion, wani hafsan sojan Faransa na ƙarni na 19, masanin lissafi. Dabararsa gajera ce: ka ɗauki lokacin da harsashi ya yi a hanya, ka cire lokacin da zai yi da babu iska, ka ninka abin da ya rage da gudun iskar gefe. Na gwada da iska mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta kai hunturun da ke kaɗa mana tagogin aji ba, wato mita 4,5 a daƙiƙa. Na 6.5 ya makara da daƙiƙa 0,39, ya kauce da wajen mita 1,75. Na .308 ya makara da 0,54, ya kauce da wajen mita 2,4. Ka tuna faifan nan santimita 25 ne kawai. Wanda ya kuskure karanta iska da ɗan kaɗan, siririn harsashi zai fi yafe masa.

Babban harsashin ma yana ratsa iska da kyau ƙwarai, amma yana karɓar ladansa a kafaɗa. Abin da ya tura dalma gaba shi ke tura bindiga baya. Na ɗauki bindiga mai kilo 6, na bar hayaƙin albarushi a gefe don sauƙi: ƙaramin yana mayar da ita baya da gudun mita 1,25 a daƙiƙa, matsakaicin 1,5, babban 2,4. In ka mayar da su ƙarfi, shurin babban ya kusa ninka na ƙaramin sau huɗu. Mutumin da zai yi harbi 80 ko 100 a yinin gasa, in bindiga tana nausarsa haka, jikinsa zai fara zabura tun kafin ya ja kunama, harbin ya lalace. Kuma in bindiga ta yi tsalle, ba ya ganin inda harsashin ya sauka, balle ya gyara na gaba. Shi ya sa da yawa daga masu gasar farantin ƙarfe a Amurka suka koma ma ga harsasai masu milimita 6, waɗanda suka fi 6.5 ɗin ƙanƙanta.

Sai maganar tsufan bututu. Wutar albarushi tana cin maƙogwaron bututun a kowane harbi, kuma yawan albarushi a ƙuntataccen rami yana gaggauta cin. Masu wasan suna ƙiyasta cewa bututun .308 yakan kai harbi 5000 ko fiye kafin saitinsa ya fara watsewa, na 6.5 kuma tsakanin 2000 da 3000. Na yi wani lissafi da ya ba ni dariya ni kaɗai da tsakar dare: harsashi ba ya wuce kashi ɗaya da rabi cikin dubu na daƙiƙa a cikin bututu, don haka harbi 2500 bai kai daƙiƙa biyar na aiki ba. Duk wannan kuɗi, don aikin daƙiƙa huɗu. A ƙarshe akwai dokar gasa kanta: wani rukunin F-Class bai yarda da komai ba sai .308 da wani ƙarami mai suna .223. Ashe babu harsashin da ya fi kowanne. Sai ka fara sanin nisan da za ka harba, da gasar da za ka shiga, da abin da kafaɗarka da aljihunka za su ɗauka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Da mako ya cika, na yanke shawarar ba zan amsa wa yaron a gindin bedi ba, a gaban aji zan amsa. Tunanina shi ne, abin da aka yi a ɓoye shi ke zama sirri mai daɗi, wanda aka baje a allo kuwa darasi ne kamar kowane. Na zana layuka uku, na rubuta nauyi da gudu da faɗi, na raba su rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya zama mai ba Ba'amurken nan shawara. Kafin a taɓa lissafi na ce a ɗaga hannu. Kusan duk samarin babban suka zaɓa, har da shi. Bayan awa biyu ajin ya rabu. Wata yarinya da ke bencin gaba, wadda ta fi kowa lissafi, ita ta fara gano maganar shuri, ta ce wa samarin su je su nemo kafaɗar aro. Aka yi ta dariya. Ban taɓa ganin ƴan tarminal suna gardama a kan ninka gudu da gudu kamar ranar ba.

Ban ɓoye musu sauran gaskiyar ba. Na gaya musu .338 don maharban soja aka ƙirƙire shi, kuma ɗan'uwan .308 yana cikin bindigogin yaƙi a ƙasashe da yawa. Na ce a Amurka kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa damar riƙe makami tun 1791, suna da filayen harbi masu shinge da dokoki, kuma duk da haka mutane dubbai suna mutuwa ta hanyar bindiga a can kowace shekara. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, muna da hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 an tara makamai a Agadas an cinna musu wuta don rufe babin tawaye. Yawancinsu ba su taɓa jin wannan ba, tunda ba a haife su ba a lokacin.

Yaron bai ce komai ba har aka kusa tashi. Da na zagayo bencinsa na ga ya cika shafi uku, ya zana harsasan da kyau kamar hoto, ya ja layi ƙarƙashin .308. Na tambaye shi dalili, tunda lissafin iska ya nuna ƙaramin ya fi. Ya ce: "Mushe, mutumin ya ce sabon shiga ne. Wanda bai iya karanta iska ba, gara ya ɗauki wanda bututunsa zai daɗe, ya yi ta koyo." Amsar ba ta cikin bidiyon, ba ta kuma cikin abin da na rubuta a allo. Na koma gida ranar ina jin na yi abin kirki.

Kwana huɗu bayan haka, da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gidana. Mahaifinsa ne, dattijo mai furfura, riƙe da kayen yaron a naɗe. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, muka gaisa har gajiya da sanyi da iyali. Sannan ya buɗe kayen a shafin nan ya ajiye a gabana.

Ya ce: "Mushe, ni ban yi lakwal ba, ban san abin da aka rubuta a nan ba. Amma na san wannan hoton. Na tsince su a ƙofar gidana da safe, bayan an tafi da ɗana."

Na fara yi masa bayanin fizik, da gasa, da takarda da farantin ƙarfe. Ya bar ni na gama. Sai ya ce: "Na ji. To yaron nan duk ƙarshen wata yana zuwa ƙauye duba kakarsa, kuma akwai shingen jami'an tsaro a hanya. In aka buɗe jakarsa aka ga harsashi a zane, ga lambobi, ga nisa, aka tambaye shi ɗan wane gari ne ya faɗa, kai za ka je ka yi musu wannan bayanin? In ka je ma, kafin ka iso ina yake?"

Ban sami abin cewa ba. Dare bakwai na yi ina lissafin iska da nauyi, ban taɓa tuna shingen hanya ba. Na ce: "Baba, kun yi gaskiya, wannan kuskurena ne." Ya ƙara da abin da ya fi damunsa. Samarin garinsu da yawa sun shiga ƴan banga, wasu kuma ba a san inda suka shiga ba, shi kuwa ya kawo wannan birni ne don ya nisanta shi da ƙarar bindiga, sai ga ta ta biyo shi har cikin aji, a hannun malami. Na gaya masa yaron ya riga ya daɗe yana kallon waɗannan abubuwa a waya kafin ni in sani, kuma da na kore shi da tsawa, da ya ci gaba da kallo, sai dai ba zai sake tambayar kowa ba. Ya yi shiru, ya ce wannan ma gaskiya ce, amma ba ta goge tasa ba. A kan haka muka rabu. Na yage shafukan uku a gabansa da izininsa, na ajiye su a wurina. Washegari na sa duk ajin suka cire nasu, muka sake rubuta lissafin da "abu na ɗaya, abu na biyu, abu na uku", babu zane. Na kuma je na faɗa wa shugaban makaranta abin da ya faru, wanda ya kamata in yi tun kafin darasin. Bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja.

Na daɗe ina juya maganar. Har yanzu ina ganin amsa tambayar ya fi ƙin amsa ta. Yaron da ya ga bindiga a daren da aka tafi da yayansa yana ganinta ne kamar wani abu mai iko da ba a tambayarsa. A allo ta zama ƙarfe mai nauyi kaza, wadda iska ke kautar da harsashinta da mita biyu, wadda ke tsufa, wadda ke nausar mai ita. Ban ce wannan ya warkar da shi ba, ni ba likita ba ne. Abin da na gani da idona shi ne ya fara ɗaga hannu a aji, kuma tambayoyinsa sun bar bindiga sun koma kan wasu abubuwa: me ya sa ƙwallo ke lanƙwasa in an buge ta da gefen ƙafa, me ya sa ɗigon ruwan sama ba ya fasa kai duk da nisan da ya faɗo. Duka biyun tambayoyin iska ne.

Amma dattijon ya koya mini abin da makarantar horon malamai ba ta koya mini ba. Darasi ba ya ƙarewa a ƙofar aji, yana shiga jaka ya hau mota ya bi hanya. Abin da yake wasan ƙarshen mako ga mai kuɗi a Amurka yana iya zama dalilin tsare yaro a hanyar ƙauyensu. Ƴan'uwana malamai, in irin wannan tambaya ta zo muku, ku amsa, amma ku fara sanar da shugabanku, ku nemi uban yaron ko uwarsa tun kafin ku hau allo, kuma ku duba abin da zai rage a kaye bayan an share allon. Ku kuma iyaye, ku riƙa tambayar yaranku abin da suke kallo a waya, ba da sanda a hannu ba. Mahaifin nan bai san ɗansa yana kallon harbi ba sai da ya ga kayen, ni ma ban sani ba sai da na karɓe wayar, alhali mu biyun ne muka fi kowa ganinsa kullum.

Yaron ya ci jarrabawar bak a zagaye na biyu, da fizik ya tsira. Da damina ta kankama, wani ƙanensa ya kawo mini ƙwan zabi a cikin ƙwarya, ya ce in ji Baba. Babu wani saƙo bayan wannan, ni ma ban aika da tambaya ba. Yayansa har yau ba a ji labarinsa ba. Shafukan nan uku suna cikin akwatina tare da takardun shaidar karatuna.

Bana ma na kai ga wannan darasi, na rubuta jimlar nan ta a yi kamar babu iska, tunda haka za ta zo musu a jarrabawa. Sai dai na ƙara awa guda a kan abin da ke faruwa in akwai ta. Na yi amfani da dabarar Didion kamar bara, amma da kibiyar maharba da ƙwallon ƙafa, muka fita fili da hunturu muka gwada ƙwallon. Ban sani ba ko hakan ya fi, domin ajin bai yi zafi kamar na bara ba. In akwai malamin da ya taɓa shiga irin wannan hali a Tawa ko Damagaram ko wani wuri, ina so in ji yadda ya yi. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu.